Bitrus Bai Mutu a Buge Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mutuwar yayana Bitrus. Ya mutu a Alƙahira, a unguwar Ard al-Liwa, cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, tsakiyar randunan inabi. Na sauka in ɗauko shi, na faɗi a kansa. Mai gadin gidan ne ya saƙalo ƙafata da igiya ya jawo ni waje. Na farka a asibiti. Shi bai farka ba.

An aika gida cewa giya ya sha har ta kashe shi. Ƙarya ne. Na daɗe ina faɗa, ba mai ji. Yanzu ƙaryar ta yi girma, ta kai ga 'yarsa Rifkatu. An kawo gaisuwar aurenta, dangin yaron suka shiga bincike kamar yadda ake yi, aka gaya musu 'yar mashayi ce, ubanta a buge ya mutu a ƙasar mutane. Sun dakatar da magana. Shi ya sa na zo jarida. Ban iya dogon zance ba, ban kuma yi makaranta ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Mu 'yan wani ƙauye ne a kudancin Katsina. Iyayenmu Maguzawa ne. Innarmu burkutu take dafawa, da shi ta ciyar da mu, da shi ta yi mana sutura. Da muka girma Bitrus ya bi coci, ni na musulunta na zama Sale. Inna ta ce kowa ya riƙe nasa da kyau, kada dai ta ji mun raba akushi. Ba mu raba ba.

Shi ya riga ni zuwa Masar. Wani ma'aikaci ne ya taho da shi kuku. Da wa'adin mutumin ya cika ya koma gida, Bitrus ya zauna, ya kira matarsa Saratu ta zo. Ni ta hamada na biyo, ta hanyar da ba na son tunawa. Na iso ƙofarsa ba takalmi. Bai tambaye ni komai ba, ya sa Saratu ta ɗora ruwan zafi. Tun daga lokacin nake dakon tukwanen gas a kan keke, ina buga musu ƙarfe a lungu don masu saye su ji. Har yau shi nake yi.

A nan ya haɗu da wani tsoho Kirista Bamisire, Ammu Girgis, mai gonar inabi a wajen Fayyum. Tsohon yana yi wa cocinsu jan ruwan inabi na Jibin Ubangiji, kamar yadda ubansa ya yi. Bitrus ya je gonar sayen tattabaru, hancinsa ya jiyo abu na tsima a bayan gida, ya ce ya san wannan warin tun yana goye. Girgis ya yi dariya ya buɗe masa ƙofa, ya koya masa aikin, ya riƙa ba shi inabin gonar. Shi ke nan.

Gonar ba ta san maganin feshi ba, ba ta san takin zamani ba. Kashin tattabara ake zuba mata, a cire ciyawa da hannu. In tsutsa ta zo, a tsince ta. Inabin ƙanana ne, baƙaƙe, da wata farar ƙura a jikinsu kamar an barbaɗa toka. Bitrus ba ya yarda a wanke ƙurar nan. Ya ce ita ce ke tayar da tsimi, in ka wanke ta ka wanke aikin. Ba ya ƙara sukari, ba ya ƙara komai. Ya zauna a saman benen da muke haya, ya tsinke inabi daga reshe, ya zubar da duk wanda ya ruɓe, ya murtsuke sauran da hannu cikin randa, ɓawo da ƙwallo duka. Bayan kwana kaɗan randa ta fara tafasa ba wuta. Ɓawon ya taso sama, shi kuma ya riƙa danna shi ƙasa da muciya safe da yamma, irin yadda Inna ke yi wa nata. Idan tafasar ta kwanta ya tace, ya bar shi ya huta wata da watanni, sannan ya ɗura a kwalba, ya toshe da ɓawon itace, ya tsoma bakin cikin kakin zuma.

Randunansa ba su da yawa. Ƙananan coci-cocin 'yan Sudan ta Kudu da ke unguwar su ne ke karɓa domin ibadarsu. Shi kansa ba ya sha sai ɗanɗano a bakin cokali, ya juya a harshe ya tofar. Na zauna da shi shekaru, ɗaki jikin ɗaki. Ban taɓa ganin ƙafarsa ta yi tangaɗi ba.

Ni Musulmi ne. Ban taɓa sa abin nan a bakina ba, ba kuma zan sa ba. Ɗalibanmu masu karatun addini sun karanta mini hukuncinsa, ban musa ba, har yau ban musa ba. Na gaya wa Bitrus a fuskarsa cewa a addinina haramun ne. Ya ce ya sani, shi ya sa bai taɓa cewa in ɗaukar masa randa ba. Haka muka zauna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wanda bai ruɓe ba.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne jira. Burkutun Inna kwana kaɗan ne ya lalace, in ba a shanye ba sai a zuba wa aladu. Wannan kuwa ranar da aka ɗura shi ba shi da daɗi. Bauri gare shi kamar ɗanyar kanya, yana kama harshe. Sai an kwantar da kwalbar a gefenta, don ruwan ya riƙa taɓa toshiya kada ta bushe iska ta shiga. A sa ta inda ba rana, ba zafi, ba mai girgiza ta. A manta da ita. Ya ce shekara na cin baurin a hankali, ta bar abin da ke ƙarƙashinsa. Kowace kaka yakan ware wasu kwalabe ya kai Fayyum, ya kwantar a ƙarƙashin matakalar gidan Girgis inda sanyi yake. Na taɓa tambayarsa na wa ne. Ya ce, "Na wanda zai iya haƙuri." Mutumin da bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa a Masar ba, yana ajiyar abin da sai bayan shekara goma zai nuna. Ni a lokacin ban ma san ko zan kai jibi ba.

Yanzu in zo kan mutanenmu.

Hausawan Alƙahira ba mu da yawa, kowa ya san tukunyar kowa. Muna da wani babba, ɗan kasuwa mai harkar kaya a Wustul Balad, tsakiyar birni, wanda duk abin da ya taso wurinsa ake zuwa. Zan kira shi Alhaji kawai. 'Yan cocin su Bitrus, 'yan gida Najeriya, su ma suna da nasu babban, zan kira shi Dattijo. Su a cocinsu zoɓo suke sha wurin Jibi, giya a wurinsu zunubi ce kamar yadda take a wurinmu. Wata kaka iska ta kwaso warin randunan daga saman bene ta kai tagar wasu baƙi. Magana ta tashi. Aka ce Bahaushe na dafa giya a Masar, ƙasar malamai, Larabawa za su ce haka muke duka.

Ba su fara da shi ba, da Saratu suka fara. Ita tuwo da masa take sayar wa ɗalibai da ma'aikata, da shi suke biyan haya. Rana ɗaya ƙafa ta ɗauke. Aka ce wa ya san abin da take zubawa a ƙullu. Ta dafa ta zauna, tuwo ya kwana ya sake kwana. Rifkatu, tana 'yar shekara tara, ta je gidan suna aka ba ta abinci a kwano dabam.

Sannan suka zo, Alhaji da Dattijo, kafaɗa da kafaɗa. Tunda nake ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya a kan wani abu ba sai ranar. Suka zauna a tabarma ɗaya, suka sha shayin Saratu, wanda a waje suke cewa ba ya shawuwa.

Alhaji ya ce, "Malam Bitrus, ba mu ce ka bari ba. Sana'arka ce. Ka sauka da ita ƙasa kawai, ka rufa mana asiri. Akwai badrum a gidan nan, na yi magana da mai gida."

Badrum shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bitrus ya ce ya san ɗakin, taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, dab da ƙasa. Dattijo ya ce ai ita ma za a toshe ta, don lungun da take kallo nan yaranmu ke bi.

"Ranka ya daɗe, abin nan numfashi yake yi," in ji Bitrus. "Idan yana tafasa yana fitar da wata iska mai nauyi. A saman bene tafiya take. A rami kwanciya za ta yi."

Alhaji ya yi dariya. "To inabi ma ya zama ɗan Adam? Yalla, Malam Bitrus, kada mu ja zance."

Na ce a bar masa tagar. Alhaji ya juyo ya ce, "Kai Sale, da kai Musulmin kirki ne da ba a same ka a gidan nan ba." Aka tashi. Washegari magini ya zo da bulo da siminti. Su suka aiko shi.

Bitrus ya yarda ne saboda tukunyar matarsa da kwanon 'yarsa. Kuma ciniki ya dawo, wannan gaskiya ne. Ya san haɗarin. Ya yi wa kansa doka: kafin ya shiga sai ya buɗe ƙofar badrum ya bar ta ta sha iska, ya kunna kyandir ya miƙa shi ƙasa-ƙasa a gabansa. In wutar ta yi rawa ta mutu, ya koma baya. Iskar ba ta da launi, ba a ganinta, kyandir ne kawai ke faɗin gaskiya. Kaka ɗaya ya yi a haka lafiya. Amma ƙofar ma ta zama magana. Duk lokacin da ya buɗe sai wani ya aiko cewa wari ya hau matakala.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, da la'asar, tsakiyar zafi, randuna na kan ganiyar tafasa. Akwai walimar saukar karatu a hawa na biyu, mutane na ta hawa da fararen riguna. Lokacin danna ɓawo ya yi, in bai danna ba aikin shekara ya lalace. Mai gadin ya gaya mini yadda aka yi. Bitrus ya buɗe ƙofar ya tsaya jira. Wani daga cikin masu hawa ya toshe hanci ya ce, "Subhanallahi, yau ma?" Wani ya ce a kira Alhaji. Bitrus ya dube su. Ya shiga, ya jawo ƙofar ya rufe a bayansa. Kyandir ɗin na cikin aljihunsa, a nan aka same shi, ba a kunna ba.

Na dawo daga aiki Saratu ta ce ya daɗe a badrum bai fito ba. Sauran na riga na faɗa.

Likitan da ya duba ni ya ce iskar tsimi ce, tana korar numfashi daga ɗaki, mutum ya faɗi kafin ya san abin da ake ciki. Abin da ya kayar da ni shi ya kayar da Bitrus. To ni ma a buge nake? Ni da goshina ke ƙasa sau biyar a rana?

Ina kwance a asibiti aka yi jana'iza, aka kuma buga waya gida. Kafin in tashi labari ya riga ya zauna da gindinsa. An same shi cikin giya, giya ta kashe shi. Gajere ne, yana da sauƙin ɗauka, kuma babu bulo a cikinsa, babu magini, babu wanda ya aiko magini. A ƙauyenmu wani mai wa'azi ya yi huɗuba da sunansa, ya ce ɗan mai burkutu ya koma ga abin da ya tsotsa. Inna na raye a lokacin. Ta ji da kunnenta.

Da na samu ƙafa na je majalisar mutanenmu na faɗi abin da ya faru. Hannuna na rawa, har yau yana yi, abin da iskar ta bar mini ke nan tare da ciwon kai. Alhaji ya nuna hannun ya ce, "Ma'alish, ku yi masa uzuri, abin ya taɓa masa kai." Daga ranar na zama mahaukacin unguwa. Duk abin da na faɗa, a ce Allah ya ba shi lafiya. Saratu ta kwashe 'yarta ta koma gida. Ta san gaskiya, amma maganar matar mamaci a kan mijinta wa ke saye? Cewa za a yi rufa masa take.

Nakan zauna in ce, da Bitrus zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga kantuna a Zamalek, unguwar masu kuɗi, ana sayar da tumatir da inabi da tsada don an ce ba a yi musu feshi ba. Zai ga matan manyanmu suna aika direba ya nemo musu, su da suka ce yana ciyar da itace kashin tsuntsu kamar mahaukaci. Zai yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti. Zai ga lungun da aka toshe masa taga dominsa, yanzu shagon shisha ne a bakinsa, yaranmu na zaune suna busa hayaƙi, ba wanda ya aiko magini. Zai ga Alhaji ya ƙara ƙiba, Dattijo ya ƙara furfura, ana ba su wurin zama a gaba.

Akwai kuma abin da zai gani wanda ba zai ba shi dariya ba. Tun yana raye wasu daga cikin manyanmu kan aiko a ɓoye, a zuba musu a kwalbar man zaitun. Bai taɓa faɗin sunan kowa ba, har ni. Direbobin na gane. Bayan mutuwarsa suka yi tsit, ba wanda ya buɗe baki ya ce mutumin nan mun san shi, ba mashayi ba ne, mu ne masu sha. Bara wani direba ya tare ni a hanya ina tura keke. Ya ce maigidansa ya ji akwai ragowar kwalaben marigayi a Fayyum, an ce yanzu sun yi kyau ƙwarai, ko zan yi masa hanya? Na ce ya koma ya gaya wa maigidansa ya zo da kansa, da rana, da babbar rigarsa, ya tambaya a gaban majalisa. Bai zo ba.

Kwalaben suna nan. Girgis ya rasu, ɗansa Mina ke riƙe da gonar, bai taɓa matsar da su daga inda Bitrus ya kwantar ba. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan hau mota in je. Ba na taɓawa. Mina ke zaro ɗaya a hankali, kamar mai ɗaukar jariri mai barci, ya ɗaga ta a hasken ƙofa in gani. Da farko ruwan baƙi ne wuluk, bakinsa na shuɗi-shuɗi. Shekara na tafiya yana washewa. Yanzu ya koma ja mai duhu, gefensa kamar jar ƙasar garinmu bayan ruwa. Wata baƙar laka ta kwanta a cikin kwalbar ta gefen da ke ƙasa. Mina ya ce baurin ne ya sauka ya kwanta, shi ya sa ba a girgizawa. Wasu sun mutu, toshiyarsu ta ci amana iska ta shiga, sun koma tsami. Ba kowace ke kaiwa ba. Waɗanda suka kai, yakan ɗauki ɗaya ya kai wa Fada, limamin cocin 'yan Sudan ta Kudu, su yi Jibi da ita a kan sunan Bitrus. Ni ina tsayawa a waje.

Na tambayi Mina yadda yake a baki yanzu. Ya ce ba ya kama harshe kuma, ya yi laushi, kana jin busasshen ɓaure da ƙasar gona, kuma bayan ka haɗiye yana daɗewa bai tafi ba. Ya ce hannun ubansa ma bai kai nan ba. Na ji daɗi, na kuma ji haushi. Mutum ya yi abu ya kwantar, ya ce sai an jira, abin ya nuna yadda ya ce, shi kuma ba ya nan. Waɗanda suka hana shi gani suna nan suna cin tuwo.

Watan jiya Rifkatu ta kira ni. Ta gama karatun jinya, tana aiki. Ba ta yi kuka ba, irin ubanta ce. Ta ce, "Baffa, Mama ta gaya mini, amma ita matarsa ce. Kai ka shiga ɗakin. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, Baba a buge yake?" Na ce a'a. Ta ce, "To wa zai gaya wa mutanen nan? Sun ce daga bakin manyan Alƙahira labarin ya fito, sai daga bakinsu zai koma."

Na sa rigata mai kyau na tafi Wustul Balad. Na samu Alhaji a shagonsa. Na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya ɗaga waya ya kira uban yaron, ya ce haɗari ne, an toshe taga, iska ta kashe shi. Ban ce ya ce shi ya sa a toshe ba.

Ya ce, "Sale, a bar kaza cikin gashinta. Abin da ya wuce ya wuce. Khalas."

Na ce bai wuce ba, yana zaune a kan auren yarinya.

Ya ce, "In na ce haka yanzu, me na faɗa shekara goma sha ɗaya da suka wuce? So kake a ce ni maƙaryaci ne? Allah zai ba ta wani mijin." Ya jawo aljihun tebur zai ba ni na mota. Na bar masa.

Dattijo ya fi shi laushin baki. Ya riƙe hannuna ya ce abin na damunsa, yana addu'a a kai. Ya yi alkawarin kira. Ya kira kuwa. Rifkatu ta gaya mini abin da ya ce: wai al'amarin marigayi yana da sarƙaƙiya, Allah ne kaɗai masani. Wannan ai ƙara wa wuta itace ne. Uban yaron ya ce zai jira zuwa bayan girbi, in ba a samu magana tsayayya ba, kowa ya kama gabansa.

To ga magana tsayayya. An ce mini uban yaron na karanta wannan jarida. Baba, ban san ka ba, amma ina gaishe ka. Bincikenka daidai ne, kowa zai yi. Yarinyar nan 'yar mutumin kirki ce. Ubanta ya yi ruwan inabi, ban ɓoye ba, in wannan ne aibin to ka yanke hukuncinka a kansa, da idonka buɗe. Amma bai mutu a buge ba. Ya mutu ne don ya rufe ƙofa kada wari ya dami mutanen da ke hawa walima. Ya san abin da ke bayan ƙofar, ya fi kowa sani. An matsa masa har kunyar mutane ta fi masa tsoron mutuwa nauyi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ga shi na buɗe.

Ku kuma mutanenmu na nan, na san za a karanta muku wannan a majalisa, a ce mahaukacin ya kai jarida. Ku ce. Ba ku yi niyyar kashe shi ba, na yarda. Niyyarku kada Larabawa su yi mana dariya. Da kun tsaya a nan, da na bar ku da Allah tuntuni. Abin da ba zan yafe ba shi ne na bayan. Kun ga gawa, kun san dalili, kuka ɗora wa wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Kuka bar tsohuwa ta shiga kabari da baƙin cikin ɗanta. Yanzu kuna kallo marainiya za ta biya, waya na aljihunku.

Me ya rage na Bitrus? Ba gida, ba gona. Kabarinsa na maƙabartar baƙi, rubutun jiki ya fara gogewa. Akwai 'yan kwalabe a Fayyum, su ma ƙarewa za su yi, Mina ya ce ko wanda ya fi kowanne kyau yana da ranar da zai fara komawa baya. Akwai cocin da ke ambaton sunansa sau ɗaya a shekara da harshen da shi kansa bai ji ba. Akwai yarinya mai tambaya kai tsaye, wadda ke kwana a kan marasa lafiya ba ta ƙyamar kowa. Wannan nasa ne, ba a makaranta ta samo ba. Sai sunansa. Shi kaɗai ne gadon da zai bar mata, shi ne kuma aka ɓata. In an wanke shi ya ishe ta shiga kowane gida.

Mai gadin da ya jawo ni yana raye, ya koma garinsu a kudancin Masar, ya ce zai yi magana da duk wanda ya kira. Mina zai yi. Ni ma zan yi, a gaban kowa, da Alƙur'ani a hannuna in an so.

Ina nan Ard al-Liwa, gidan da abin ya faru, ɗakin farko a hannun dama in ka shigo. Tun da na je shagon Alhaji ba wanda ya ƙara gayyata ta suna ko walima, wasu sun daina sayen gas a wurina. Ban tashi ba, ba kuma zan tashi ba. Ina fita da hantsi, ina dawowa bayan la'asar. Duk wanda ya ce ƙarya na yi, ya zo ya same ni.